Kafin a Sayo Mana Mararrabar Haske

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan wani abu da ya shafi duk mai riƙe da waya daga Ngaundere zuwa Kuseri, har ƙetaren gadar Ngeli zuwa Njamena. A takardun tallan kayan sadarwa yanzu ana yawan ambaton wata 'yar ƙwaya ta silikon, mai faɗin farce ko biyu, wadda ke karkatar da haske daga wannan zaren gilashi zuwa wancan ba tare da an mai da shi lantarki ba. Wasu na jin haka sai su ɗauka da zarar ta iso, yankewar rezo ta ƙare. Ƙwayar akwai ta, kuma aikin ƙwarai ce. Amma mararraba ce, ba hanya ba ce, kuma an raine ta ne a ɗakuna masu sanyi da tsafta da wuta marar yankewa. Muna so masu sa hannu a kwangila da ɗalibanmu su san abin da za su tambaya kafin kuɗi ya fita.

Zaren da ake binnewa a gefen titi, wanda ma'aikata a nan ke kira fibir, gilashi ne mai kaurin maikiron 125 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kusan kaurin gashin kai. Hasken yana bin bargonsa ne kawai, wanda bai wuce maikiron 9 ba. Ba haske ne da ido ke gani ba. Tsawon zangon kaɗawarsa yana wajen nanomita 1550 (nanomita dubu ne maikiron ɗaya), domin a nan ne gilashi ya fi barin haske ya wuce, asarar ba ta fi desibel 0.2 a kowace kilomita ba. Mai karatu ya riƙe ma'anar desibel, don a kanta cinikin yake: desibel 3 rabin haske ya tafi ke nan, desibel 10 kashi ɗaya cikin goma ya rage, desibel 20 ɗaya cikin ɗari. Tsakanin nanomita 1530 da 1565 ake jera haske iri-iri waɗanda ma'aikata ke kira launuka, kowanne da tazarar gigahaz 50 tsakaninsa da maƙwabcinsa, har launi 80 zuwa 96 a zare guda, kowane launi ɗauke da gigabit 100 ko 200 a sakan. Duk bayan kilomita 80 ko kusa da haka sai an kafa amfilifaya ta ƙara wa hasken ƙarfi, kuma kowace amfilifaya tana ƙara masa ɗan ƙura tata, wato hayaniyar da ke gauraya da saƙo. Ƙurar nan ita ke taruwa har wata rana mai karɓa ya kasa bambance saƙo da hayaniya.

A tsohon tsari, idan ana so launin da ya taso daga Yawunde ya sauka a Garwa maimakon ya wuce Marwa, sai an tura ma'aikaci ya buɗe akwati ya sauya igiya da hannunsa. Daga baya aka samu na'urar da ake kira ROADM, wadda ake ba umarni daga nesa. A cikinta akwai sashe mai suna WSS: yana baje launukan kamar bakan gizo, ya jefa su a kan wani allo irin na fuskar kwamfuta, allon kuma ya lanƙwasa kowane launi zuwa ƙofar da aka zaɓa. Tun 2012 ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya ta ba da damar yanka filin launukan yanki-yanki na gigahaz 12.5, a ba ƙaramin saƙo ƙaramin gurbi, babba kuma babban gurbi. Wannan na'ura ta nuna, ta daɗe a bakin aiki. Illarta girma da tsada, ga gilasan ido da yawa da sai an daidaita su a masana'anta, tana kuma cin desibel 5 zuwa 7 duk lokacin da haske ya ratsa ta.

Ƙwayar da ake magana a kai tana so ta yi irin wannan aiki ba tare da hasken ya fita iska ba. Ana ɗaukar faranti na silikon mai ɓawon gilashi a ƙarƙashi, a sassaƙa magudanai a samansa da injinan da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da su. Kowace magudana tsayinta nanomita 220, faɗinta wajen nanomita 500. Silikon yana riƙe haske gam, ma'aunin lanƙwasa haskensa kusan 3.5 ne, na gilashin da ke kewaye da shi 1.44, shi ya sa magudanar ke iya shan kwana a cikin 'yan maikiron kaɗan ba tare da hasken ya zube ba. Duk wanda ya taɓa ganin ban-ruwan shinkafa a Yagwa ko Maga ya ga tsarin: babbar magudana, ƙananan rassa, da ƙofofi da ake buɗewa a rufe. Bambancin shi ne a nan babu ƙofar da ke motsi.

Ga yadda ake yi. Hasken da ya shigo ana raba shi gida biyu daidai, kowane rabi ya bi hannu ɗaya, sannan a sake haɗa su a gaba inda akwai mafita biyu. Idan rabin biyu sun iso ƙafa ɗaya, sai su taru su fita ta wannan mafita. Idan ɗaya ya makara da rabin zango, sai su kashe juna a nan su taru a ɗaya mafitar. Dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1891 da 1892 Zehnder da Mach suka fito da ita, sunansu take ɗauke da shi har yau. Abin da ke sa hannu ɗaya ya makara kuwa zafi ne. An shimfiɗa 'yar siririyar hita a kansa, kuma silikon yana sauya ma'aunin lanƙwasa haskensa da kimanin 0.00019 a kowane digiri. A hannu mai tsawon maikiron 200, ƙarin digiri 20 ya isa ya juya hasken gaba ɗaya. Wutar da hitar ke ci wajen miliwat 20 ce, kuma juyawar tana ƙarewa cikin maikirosakan goma ko 'yan gomomi (maikirosakan miliyan ne sakan ɗaya). Akwai masu cusa lantarki kai tsaye a cikin magudanar maimakon zafi, waɗannan cikin nanosakan suke juyawa, sai dai suna shanye haske fiye da na hita. Akwai kuma masu amfani da 'yan zobba: zobe yana fizge launi ɗaya tak daga magudana ya bar sauran su wuce.

Ƙofa ɗaya mai shiga biyu da fita biyu ba ta isa komai ba, sai an saƙa su. A wani tsari mai tsimi, mai sunan Benes, mararraba mai ƙofa 8, wato mai shigar zare 8 da fita 8, tana bukatar irin waɗannan ƙananan ƙofofi guda 20 a sahu 5, mai ƙofa 16 guda 56 a sahu 7, mai ƙofa 32 guda 144 a sahu 9. Cibiyar bincike ta AIST a Japan ta ƙera mai ƙofa 32 da wani tsarin dabam mai ƙananan ƙofofi fiye da dubu, ta kai ga asarar kusan desibel 11 daga zare zuwa zare, da wuta wajen wat 2. A Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley an bi wata hanya, inda 'yar gadar silikon ke sauka da tashi a kan magudana, a 2019 suka nuna mai ƙofa 240. Kamfanin Google kuwa, da ya bayyana a 2022 cewa yana karkatar da haske a manyan rumbunansa na bayanai, ba magudanar silikon ya yi amfani da ita ba, ƙananan madubai ne masu juyawa, ƙofa 136, asara ƙasa da desibel 2 a mafi yawan hanyoyin. Wannan bambanci na 11 da 2 shi ne abu na farko da mai saye zai sa wa ido.

Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 da 'yan kai ne. Idan aka haɗa da gaɓoɓin walda, inda ake narke bakin zare biyu a haɗa su, da tsufan zare, lissafin aminci desibel 0.25 ne a kilomita, wato fiye da desibel 50, zango uku na kilomita 70, kowanne desibel 17 da rabi. Amfilifaya ta yau da kullum tana mayar da desibel 20 zuwa 25. Rarar da ke tsakani ba ta da yawa, kuma ita ce ake ci a hankali: duk yankewa ɗaya gyaranta walda biyu ce da guntun sabon zare a tsakani, kowace walda desibel 0.05 zuwa 0.1 idan hannu ya ƙware, fiye da haka idan an yi ta da dare cikin ƙura. Zangon da aka gyara sau goma ya riga ya rasa desibel ɗaya ko biyu. To sai a kawo ƙwaya mai cin desibel 10, daidai da ƙarin kilomita 40 na zare. Dole a ƙara amfilifaya, ita kuma ta ƙara ƙura, har launin da ke ɗaukar gigabit 200 ya koma sai 100 zai iya kaiwa. Asarar nan kaso mai yawa a bakin ƙwayar take faruwa, inda hasken da ya saba da bargo mai maikiron 9 zai matse ya shiga magudana mai rabin maikiron. Shiga ta gefe tana cin desibel 1 zuwa 2, shiga ta sama, ta kan 'yan layukan da aka sassaƙa kamar tsefe, tana cin 2 zuwa 4, kuma sau biyu ake biya, shiga da fita. Magudanar kanta tana cin desibel 1 zuwa 2 a kowace santimita. A duba: abin da zare ke ci a kilomita biyar zuwa goma, silikon na cinye shi a santimita ɗaya. Don haka idan mai talla ya kawo adadi, a tambaye shi na kan ƙwaya ne ko na zare zuwa zare, kuma na hanya mafi kyau ne ko mafi muni. Na zare zuwa zare a hanya mafi muni shi ne gaskiyar abin da za mu zauna da shi.

Sai yoyo. Babu ƙofar da ke juya haske ɗari bisa ɗari. Kowace tana barin kamar kashi ɗaya cikin ɗari zuwa ɗaya cikin dubu ya bi mafitar da ba tasa ba, kuma a saƙa mai sahu 9 yoyon yana taruwa. Idan wanda ya yoyo launinsa ɗaya da wanda ya tarar, babu matatar da za ta raba su. Haka nan haske a cikin zare yana kaɗawa ta fuska biyu, a tsaye da a kwance, kuma na'urorin gigabit 100 zuwa sama suna ɗora saƙo a kan duka biyun. Magudanar silikon ba ta ɗaukar su daidai, don haka sai an raba su a bakin shiga, kowacce ta bi tata saƙar, a haɗa su a fita. Kayan sun ninka ke nan. Akwai kuma iyakar ƙarfi: launi 80 da suka fito daga amfilifaya sukan kai miliwat 100 ko 200 gaba ɗaya, kuma idan aka dunƙule wannan a magudana mai rabin maikiron, silikon yana fara shanye hasken da kansa. Masu ƙera magudana da silikon naitaraid sun kauce wa wannan, asararsu ma ta fi ƙanƙanta, amma hitarsu ta fi cin wuta domin naitaraid bai kai silikon jin zafi ba, kusan sau bakwai ƙasa. A kuma lura cewa yawancin manyan mararrabun da aka nuna suna juya zare ne ɗungurungum da duk launukansa. Zaɓen launi ɗaya-ɗaya, wanda shi ne aikin WSS, sai an ƙara matata, kuma a nan har yanzu tsohuwar na'urar ce a gaba.

Zafi shi ne inda ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera kayan. Abin da ake tuƙawa da zafi, zafin waje ma yana tuƙa shi. Zoben silikon yana gocewa da kimanin gigahaz 10 a kowane digiri ɗaya. Tazarar launuka gigahaz 50 ce, ke nan digiri 5 kacal sun isa zobe ya saki launinsa ya kama na maƙwabci. A watannin Maris da Afrilu inuwa a Garwa da Marwa da Njamena tana haura digiri 40. Ɗakin kayan sadarwa na kwano, idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da rana tsaka, yakan tashi daga 25 zuwa 50 ko fiye, wato gocewar launi biyar ga zoben da ba a tsare ba. Ƙofar Mach da Zehnder ta fi haƙuri domin hannayenta biyu tare suke ɗumama, amma ita ma hitar maƙwabciyarta tana taɓa ta, kuma mannen da ya riƙe zare a bakin ƙwaya yana motsi da zafi, alhali gocewar maikiron ɗaya a wurin ana ganinta a ma'auni. Maganin da masana'anta ke yi shi ne su ɗora ƙwayar a kan farantin sanyaya na lantarki, su sa ƙananan idanu masu auna haske a cikin saƙar, na'ura tana gyara wutar kowace hita ba dare ba rana. Yana aiki, amma farantin yana da iyaka. Kayan cikin ɗaki galibi an gwada su ne tsakanin digiri 5 da 40. Idan iskar ɗaki ta haura haka, farantin yana jan wuta iyakar ƙarfinsa, yana zubar da nasa zafin a cikin akwatin, har ya gaza. Wat 2 ko 3 na hitoci ba su ne nauyin ba, sanyayawar ce.

Wannan ya kai mu ga wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan ruwan Binuwai ya ja baya. Kayan sadarwa suna aiki ne da batura masu bolt 48, batirin dalma kuma duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa. Ƙofar hita ba ta da tunani: wuta na ɗaukewa take hucewa ta koma yadda aka ƙera ta, duk hanyoyin da aka shirya su warware. Gaskiya ne idan wuta ta mutu a ɗaki gaba ɗaya amfilifaya ma ta mutu, amma sau da yawa ba ɗakin ne ke mutuwa ba, kati ɗaya ne ke sake tashi, ko fis ya ƙone, ko ana sabunta manhaja. A irin wannan lokaci ƙaramin makunnin haske na inji, mai shiga ɗaya da fita biyu, wanda ke maƙalewa inda aka bar shi ko babu wuta, yana riƙe hanya, kuma asararsa ba ta kai desibel 1 ba. Masu bincike suna gwada wasu sinadarai masu sauya siffa da za su sa ƙofar silikon ta riƙe matsayinta ba wuta, amma wannan yana matakin ɗakin gwaji. Kafin ya nuna, a tambayi mai sayarwa tambaya ɗaya a rubuce: idan wuta ta ɗauke wa ƙwayar, ina hasken yake bi? Amsar da za a karɓa ita ce ya miƙe ya wuce zuwa gari na gaba.

Saurin da ake yaba ƙwayar da shi, a ganinmu, ba shi ne abin da za mu biya kuɗi a kai ba. Ƙa'idar da aka gada ita ce a koma hanyar ajiya cikin milisakan 50, mai magana a waya ba zai ma ji ba. Ko da ƙwaya ta juya cikin maikirosakan, mai karɓa a ɗaya ƙarshen sai ya sake kama saƙon, amfilifayoyi sai sun daidaita, idan kuma sai an sauya launin leza, wato fitilar da ke harba hasken, to maganar sakanni ce ko fiye. Saurin nanosakan na rumbunan bayanai ne, inda dubban kwamfutoci ke musayar kaya a ɗaki ɗaya.

Inda ƙwayar za ta yi mana rana da gaske shi ne rage sa hannu. Ƙurar hunturu ƙwayoyinta 'yan maikiron ne, guda ɗaya ta isa ta rufe sashe na bargo mai maikiron 9, kuma idan haske mai ƙarfi ya bi ta kanta sai ta ƙone ta manne a fuskar gilashin har abada. Duk lokacin da aka zare igiya aka mayar, an buɗe wa ƙura ƙofa. Ƙa'idar ita ce a duba fuskar da madubin dubawa, a goge a bushe, idan bai fita ba a goge da barasar goge-goge sannan a bushe, a sake dubawa, sannan a cusa. Kada kuma a haɗa igiya mai kai kore da mai kai shuɗi: koren an goge fuskarsa a karkace da digiri 8, shuɗin a miƙe, haɗa su yana cin haske ya kuma lalata fuskokin biyu. Mararrabar da aka haɗa sau ɗaya aka rufe, ana juya ta daga ofis, ta kawar da wannan duka. Tana kuma ba da damar na'urar OTDR ɗaya, mai harba haske ta auna nisan inda zare ya yanke, ta riƙa zagaya zare 8 ko 16 da kanta, a san wurin da lanƙwasa ta fara cin haske tun kafin ta zama yankewa. Ga hanya irin ta Mora zuwa Waza zuwa Kuseri, inda tura ma'aikaci ba ƙaramin al'amari ba ne, wannan kaɗai riba ce.

Amma duk wannan bai taɓa tushen matsalar ba. Mararraba ba ta da amfani inda hanya ɗaya ce. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwadibuwa, ƙasashe da dama suka shiga duhu ko rabin duhu, Kamaru na ciki. Kamaru tana da mashiga a Duwala da Limbe da Kiribi, kuma igiyar SAIL da ta tashi daga Kiribi zuwa Fortaleza a Barazil tun 2018 ba ta cikin waɗanda suka lalace. Wanda ke da wata hanyar da aka shirya tun kafin ranar shi ne ya samu inda zai juya. Cadi ba ta da teku. Haskenta ko ta Kamaru ya shigo, ko ta Adre daga Sudan inda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ko ta aikin zaren ratsa Sahara da zai haɗa ta da Nijar da Aljeriya. Mu a arewacin Kamaru kuma a jere muke a kan titin ƙasa na ɗaya kamar tasbaha, Ngaundere, Garwa, Marwa, Kuseri. Taswira da kanta ta nuna zoben da ya kamata a rufe: daga Ngaundere ta Tuboro zuwa Mundu, ta Kelo da Bongor zuwa Njamena, a dawo ta Kuseri, sannan a ɗaure tsakiya daga Marwa ta Yagwa a ƙetare Logon zuwa Bongor. Da irin wannan zobe, yankewa a Waza ba za ta rufe Kuseri ba, yankewa a Figil ba za ta rufe Marwa ba. Ƙarin kilomita 400 na zagaye milisakan 2 kawai yake ƙarawa, domin haske a gilashi yana cin kilomita a maikirosakan 5. Abin da ke da wuya shi ne yarjejeniya tsakanin kamfanonin ƙasashen biyu da hukumominsu, ART a Kamaru da ARCEP a Cadi, a kan wanda zai ɗauki kayan wani ranar wahala da farashin da za a biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya ta biyu kuma sai ta kasance ta biyu da gaske. Zare biyu a rami ɗaya, ko a bututu biyu da aka rataya a gada ɗaya, hanya ɗaya ce. Katafilar da ta tsinke wannan ita za ta tsinke wancan, ruwan da ya ci gindin gada ya tafi da su tare. Mutanen Marwa sun ga gadar Palar ta karye a 2020, mutanen Yagwa da Kuseri sun ga ambaliyar 2024. Ƙasar karal tana tsagewa da rani ta kumbura da damina, tana jan bututu tana lanƙwasa shi, don haka a irin wurin sai an binne da zurfin mita ɗaya ko fiye, cikin bututun roba mai kauri, da kirtanin gargaɗi a samansa, da rarar zare a naɗe a kowace rijiyar haɗi. Mai sayen hanyar ajiya ya nemi taswirar ramin, ba zanen layi biyu a takarda ba. Ya tabbatar launin da zai koma can babu kowa a kansa tun daga farkon hanyar har ƙarshenta, domin mararrabar haske ba ta sauya launi. Ya sa a lissafa ƙurar amfilifaya ta doguwar hanyar tun yanzu. Umarnin da ke juya mararrabar kuma kada ya dogara da zaren da ake tsoron yankewarsa, a ba shi wata kafa ta rediyo ko tauraron ɗan Adam, ko a bar na'urar ta yanke shawara da kanta idan idonta ya ga haske ya ɓace. A sa mata jinkirin minti 5 kafin ta koma tsohuwar hanya bayan gyara, don kada zaren da ke ɗaukewa yana dawowa ya sa ta yi ta kai da komo.

Shawararmu ga masu tsara kwangila ita ce kuɗin farko ya tafi ga rami na biyu da batura da sanyaya ɗaki. A manyan mahaɗu irin Ngaundere da Garwa da Marwa da Njamena da Mundu a sa ROADM da ta riga ta nuna, wadda ke karɓar umarni ta buɗaɗɗen harshe irin NETCONF, don kada a ɗaure mu da kamfani ɗaya ranar da ƙwayar ta isa saye. A ƙananan tashoshi a sa makunnai masu maƙalewa. Ƙwayar silikon kuma a shigo da ita ta ƙaramar ƙofa, mai ƙofa 4 ko 8, a aikin auna zare da rarraba launukan da aka riga aka sauke, inda gazawarta ba za ta rufe gari ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin a nan ya kamata a yi shi. Makarantar koyon injiniya ta Jami'ar Marwa da cibiyar fasaha ta Jami'ar Ngaundere da makarantar fasahar sadarwa ta ENASTIC a Cadi suna da ɗaliban da za su iya, kayan da ake bukata kuma ba su da yawa: leza mai sauya launi, ma'aunin ƙarfin haske, ma'aunin zafi mai rubuta bayanai, da naɗin zare na kilomita 50. A ajiye na'urar a ɗaki irin wanda za ta zauna a ciki, daga Janairu zuwa Mayu, ta sha ƙurar hunturu ta shiga zafin bazara. A riƙa rubuta asarar kowace hanya da yoyonta safe da rana da dare, a kashe na'urar sanyaya ɗaki na awa biyu da azahar a ga abin da zai faru, a ɗauke mata wuta sau ɗari a ƙirga sau nawa ta dawo kan hanyoyinta da kanta da kuma sakan nawa ta ɗauka. A rubuta a cikin kwangila cewa kashi na ƙarshe na kuɗin ba zai fita ba sai sakamakon watan Afrilu ya zo.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wassalam,
Wasu injiniyoyin sadarwa, Garwa, arewacin Kamaru